In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira

Jawabin da magatakardan ƙungiya ya karanta a madadin ofis a taron zagayowar shekara, Ayigya Zango, Kumasi



Mai girma Sarkin Zango da 'yan majalisarsa, malam liman, shugaban ƙungiya da dattawanmu, Alhazai da Hajiyoyi, iyayenmu mata na kasuwa, direbobinmu da yaran mota, muna yi wa kowa barka da zuwa, barka da ganin wannan rana. Mun gode wa Allah da ya sake tara mu da rai da lafiya. Waɗanda muka zauna da su a nan bara, bana babu su, Allah ya jiƙansu da rahama.

Da shugabanni suka ce ofis ya yi magana yau, da yawa sun ɗauka lissafin kuɗi za mu karanto, ko batun kwastan da takardun boda. Wannan yana nan tafe daga bakin ma'aji. Mu mun roƙi izini mu yi magana a kan ƙarar mota. Mun ga wasu suna murmushi. To, a yi mana haƙuri kaɗan, za a ji dalili.

A ofis muna riƙe da littattafai uku: na rajista, na kuɗin wata, da na gudummawa. Na ukun shi ne ba ma son buɗewa. A cikinsa ake rubuta karo-karon da ake yi wa ɗan'uwa in kayansa sun ruɓe a hanya, ko motarsa ta faɗi, ko an kai shi asibiti, ko an kai shi makwanci. Duk wanda ya zo karɓar gudummawa sai ya ba mu labarin yadda abin ya faru, mu rubuta. Da muka zauna muna bin shafukan, sai muka ga magana ɗaya tana ta dawowa daga bakin mutane daban-daban: "Ai tun daga wuri kaza muke jin wata ƙara." Wani tun Bolga, wani tun Tamale, wani tun kafin a yi lodi. An ji, kuma an ci gaba da tafiya.

Ga misali ɗaya. Ba za mu kama suna ba, mai abin yana nan zaune, shi ya ce mu faɗa. Lori ce ta taso da albasa daga Galmi a Nijar, ta ratsa Burkina Faso ta shigo Gana lafiya. Bayan an wuce Walewale direba ya fara jin "gwaf" daga baya duk lokacin da ya taka birki. Ya bugo waya ya ce yana so ya tsaya Tamale a duba. A ranar albasa tana da kuɗi a Kwadaso, ga wasu motoci a baya suna tafe. Amsar da aka ba shi ita ce wadda dukkanmu muka iya: "Ka lallaɓa ka kawo tukuna." Bayan gadar Buipe, kafin Kintampo, aksil na baya ya goce daga mazauninsa, mota ta karkace ta kwanta a gefen hanya. Allah ya tsare rai, amma yaron mota ya karye a ƙafa, albasa ta kwana uku rana na dukanta, ruwa na dukanta. Da aka duba, kusoshin da ke ɗaure sifirin da aksil ne suka kwance, kusar tsakiya ta karye. Aikin rabin yini ne a Tamale. Wayar da ta hana tsayawar kuwa daga cikin unguwar nan aka buga ta.

Dattawa sun fi mu sanin asalin sunan inda muke zaune. Kakanninmu fatake ne masu zuwa Gwanja daga Kano da Katsina, suna kai kaya Salaga suna komawa da goron Asante a kan jakuna, tafiyar watanni. Inda ayari ke sauka shi ne zango. A zango ake sauke kaya, a duba bayan jaki ko ya yi gyambo, a duba ƙafarsa. Madugun da ya ga dabba tana ɗingishi ya ce a ci gaba, shi zai yi asara a daji. Mu jikokinsu muna amsa sunan 'yan zango, amma tsayawa ce ta fi yi mana wuya.

Mu ba makanikai ba ne, alƙalami muke riƙewa. Saboda haka muka tafi Suame, wato Magazin, inda dubban masu gyara da masu sayar da kayan mota suke, muka zauna da wasu mastoci da suka tsufa a aikin birki da ƙafar mota. Abin da suka fara gaya mana shi ne, mai mota yakan zo ya ce "motata tana ƙara", shi ke nan. Su kuwa tambayarsu ta farko ita ce: yaushe take yi? Wanda ya iya amsa wannan ya yi rabin aikin, kuma zai yi wuya a sayar masa da abin da bai lalace ba. Lokutan huɗu ne.

Na farko, in an taka birki. Idan ƙarar siririya ce, "ƙiii", yawanci wani ɗan ƙarfe ne da masu ƙera takalmin birki suke sawa don ya yi kuka in takalmin ya kusa cinyewa. Naman takalmi in ya ragu zuwa milimita 3, a canja. Idan ta koma "gurrr" kamar injin niƙa, naman ya ƙare, ƙarfe ne yake cin faifai, kuma kuɗin gyara ya ninka. Idan kuwa "ƙwas" ce sau ɗaya, musamman in an yi baya sannan aka yi gaba aka taka, to takalmi ne yake wasa a cikin gidansa saboda 'yan ƙarafan da ke matse shi sun faɗi, ko kuma kusoshin kalifa, wato abin da ke damƙe faifan, sun kwance. Wannan na biyun ba a wasa da shi, domin kalifa in ta saki tana iya cije taya ko ta tsinke tiyon man birki.

Akwai wadda ta fi nauyi, "gwaf", tare da motar tana fizga gefe ɗaya. Sau da yawa ita ba daga birkin take ba. A ƙaramar mota, robar bushin ta hannun da ke riƙe taya ce ta mutu, sai tayar ta ja baya in an taka. A lori kuwa, a duba yubol da santabol, su ne kusoshin da suka kwantar da motar albasar nan. Alamarsu ba ta ɓuya: jan garin tsatsa a kewayen yubol, tazarar taya da jikin mota ta dama ba daidai da ta hagu ba, kuma wanda ke bin motar a baya zai ga tana tafiya a karkace kamar ƙaguwa. In feda tana bugun ƙafa, sitiyari yana rawa lokacin da ake rage gudu, faifan ne bai daidaita ba. Sai dai motocin zamani masu ABS, in an danne birki da ƙarfi a kan santsi, dole feda ta yi bugu da sauri. Wannan aikinta ne, kada a ɗaga ƙafa.

Mastoci sun koya mana wata dabara mai sauƙi. A sami hanya mai gargada, a tafi a hankali, a ɗora ƙafa kaɗan a kan birki. Idan ƙwaram-ƙwaram ɗin ya ɗauke, matsalar tana takalmi ko kalifa, domin takawar ta matse su. Idan yana nan, a koma wajen ƙafa.

Na biyu, in an faɗa rami ko an hau tudun rage gudu, irin waɗanda suka cika ƙauyukan hanyar Techiman zuwa Tamale. Ƙara marar nauyi mai yawa, "ƙwal-ƙwal-ƙwal", a kan ƙananan gargada, galibi linkin sitabilaiza ne ko robobinsa. Kayan ba su da tsada, ba sa kayar da mota nan take, amma illarsu ita ce kunne yakan saba da su, ranar da babbar ƙara ta zo ba za a bambance ba. "Dum" mai nauyi kuwa shokazoba ce ko mazauninta. A leƙa, in jikinta ya jiƙe da mai ta mutu. A ƙaramar mota a danna kusurwa da ƙarfi a saki, in ta yi ta lilo fiye da sau ɗaya ko biyu, ta mutu. Shokazoba ba don jin daɗin zama kaɗai aka yi ta ba. Ita ke danne taya a ƙasa, kuma tayar da ke tsalle birki ba ya kama ta yadda ya kamata. A lori a ƙirga ganyen sifirin, a ga ko wani ya tsage ko ya zame daga cikin 'yan'uwansa.

Wanda ya fi duka haɗari a wannan sashe shi ne boljoyin, gaɓar da tayar gaba ke juyawa a kanta. In ya fara mutuwa yana bugu a rami, wani lokaci yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. In ya fita, taya ta lanƙwashe ke nan. Duk mun taɓa ganin tasi ko torotoro a bakin titi ta durƙusa kamar raƙumi, taya ɗaya ta baje waje. A cikin gari ana kiran mai ja a biya. A buɗaɗɗiyar hanya da gudu, labari ne daban. A manyan motoci kinfin ne ke wannan aikin, shi kuma giris yake so a kai a kai.

Na uku, in an juya sitiyari. A tsayar da mota, mutum ɗaya ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, wani ya tsuguna ya kalli taya. In sitiyari yana motsi taya ba ta amsawa nan da nan, ana jin "ƙas", a duba tayirod. Shi ne sandan da ke kai umarnin hannun direba zuwa taya, in ya saki sitiyari ya zama abin wasa a hannu. Idan kuma "ƙas-ƙas-ƙas" ce a jere lokacin da aka karya kwana sosai, a motar da tayoyin gaba ke ja, kan shaf ne: robarsa ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga.

Na huɗu, ƙarar da ke bin gudu, tana ƙaruwa in an ƙara wuta, tana raguwa in an rage. Gurnani mai kama da na jirgin sama daga nesa, wanda ke canja murya in an ɗan karkata dama ko hagu, boris ne. In an tsaya a kai hannu kusa da tsakiyar kowace taya, ba a taɓa ba. Wadda ta fi sauran zafi sosai, ko boris ne yake ci, ko birki ne ya cije. Bugu mai bin juyin taya kuwa, abin da za a fara dubawa shi ne notunan taya. Notin da ya kwance yakan bar zanen tsatsa daga bakinsa zuwa waje. Duk tayar da aka cire aka mayar, a sake ɗaure ta bayan kilomita 50 zuwa 100. Ga wanda ya canja taya a Kumasi, kada ya kai Techiman bai sa sifana ba. Sai "gau" daga ƙarƙashin tsakiyar mota lokacin tashi ko in an saki totur: kuros ɗin farfela ne. In na gaba ya karye ana gudu, farfela tana iya faɗowa ta caki ƙasa.

Ga gwajin da kowa zai iya tsayawa a yi a gabansa. A ɗaga taya da jak. A ɗauke ta kamar fuskar agogo. A kama wajen ƙarfe 12 da ƙarfe 6 a girgiza: in akwai wasa, boljoyin ne, ko kinfin, ko boris. A sa wani ya danne birki a sake girgizawa: in wasan ya ɓace boris ne, in yana nan gaɓar ce. A kama wajen ƙarfe 9 da ƙarfe 3: wasa a nan na tayirod ne ko na cikin sitiyari. Muna roƙon yaran mota don Allah, kada wanda ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. A sa katako mai kauri ko ƙarfen tokara, a sa waigi a sauran tayoyi.

Akwai kuma ciwon da ba ya ihu. Fedar da ke nutsewa kamar an taka soso, ko man birki da ke raguwa kullum, yoyo ne ko iska ta shiga. Man birki yana shan danshi da kansa, shi ya sa ake canja shi kamar duk shekara 2, kuma a zuba irin lambar da aka rubuta a murfi, DOT 3 ko DOT 4. Zuba ruwan sabulu, ko daddatse bututun taya ɗaya a ce sauran uku sun isa, ba gyara ba ne. A motocin birkin iska, a kashe inji a saurara, in ana jin "tsss" kuma allurar iska tana sauka, akwai yoyo. A riƙa zubar da ruwan tankin iska kowace safiya. Masu ɗauko doya da masara daga Ejura da Atebubu sun san gangaren Mampong, masu bin Bawku ta gabas sun san na Nakpanduri. Wanda ya sauko su da birki kaɗai zai ji ƙauri, daga nan feda ta daina kamawa saboda zafi. Da ƙaramar giya ake saukowa, tun daga sama ake sa ta.

To, wace ƙara ce ake lallaɓawa, wace ce ake tsayawa? Linkin sitabilaiza, shokazoba mai rauni, da kukan gargaɗin takalmi, ana iya rage gudu a kai gari na gaba, gari na gaba muka ce, ba Kumasi ba. Amma bugun birki tare da canjin feda, notin taya, wasa a boljoyin ko tayirod, aksil da ya goce, da tayar da ke hayaƙi, a nan inda aka ji a nan ake neman wuri a faka, a sa alama gaba da baya.

Daga Paga zuwa Kumasi kusan kilomita 600 ne, kuma mun san abin da hanyar nan ta ci. A watan Fabrairu 2016, kusa da Kintampo, bas ta yi karo da motar tumatir, mutum sama da 50 suka rasu. A watan Maris 2019 bas biyu suka yi karo a wannan yankin, aka sake rasa sama da 50. Ba mu kawo wannan don ɗora wa kowa laifi ba. Mun kawo ne don mu tuna cewa motar kayanmu ba ita kaɗai ce a titi ba. In ta ƙwace, tana iya faɗa wa 'ya'yan wasu da ba su san farashin albasa ba.

Yanzu sai mu juyo kanmu, mu masu kaya. Direba yana da nasa laifi, mai gyara yana da nasa, amma kashi uku namu ne. Na ɗaya lodi. Dokar nauyi ta ƙasashen yankin nan ta sa iyakar tan 11.5 a kan aksil guda, mu kuwa kullum muna neman a ƙara buhu goma a sama. Sifirin da yubol da birki su ke biyan kuɗin buhunan nan. Na biyu araha. In an ce ga sabon boljoyin mai kyau, ga hom-yus, ga wani marar suna, hannunmu yakan tafi wajen na ƙarshe. Ana iya sayen ƙofa ko fitila ta hannu, amma takalmin birki, tiyo, boljoyin da tayirod a sayi sabo mai asali, kuma a canja na dama da na hagu tare in takalmi ne ko shokazoba. Na uku waya. Takardar DVLA ta lafiyar motar haya wata 6 take yi, noti kuwa a yini ɗaya yake kwancewa. Wanda ke zaune a kan sitiyari shi ke jin abin da takarda ba ta ji, mu kuma mu ke rufe masa baki.

Mun san abin da ke ran iyayenmu mata masu tumatir. Kaya ne da ba ya jira, bashi ne aka ci aka saro shi, in an makara kasuwa ta faɗi. Wannan gaskiya ce, ba mu raina ta ba. Amma littafin da ke hannunmu ya nuna mana cewa wanda ya makara rabin yini yana dawowa da ragin riba, wanda ya ƙi tsayawa kuwa wani lokaci uwar kuɗin ma ba ta dawowa.

Saboda haka ofis yana gabatar wa shugabanni shawara huɗu, a duba su a zama na gaba. Ɗaya, direban da ya tsaya saboda ƙarar birki ko ƙafa, kada a zaftare masa kuɗi, kada a hana shi lodi na gaba. Biyu, kowace mota da ke ɗaukar kayan 'yan ƙungiya ta hau rami kafin doguwar tafiya, ofis ya rubuta ranar da abin da aka gani. Uku, mu tara lambobin masu gyara amintattu a Bolga, Tamale, Kintampo da Techiman, a ba kowane direba, don kada ya ce bai san wajen wanda zai je ba. Huɗu, a ware wani abu daga kuɗin wata don rancen gyaran gaggawa a hanya, a biya in an sauke kaya. Gara mu rubuta rance da mu rubuta ta'aziyya.

Direbobinmu, in kun ji ƙara ku lura da lokacinta, ku faɗa, ku tsaya a kan maganarku. Iyayenmu da yayyenmu masu kaya, in waya ta shigo daga hanya, tambayar farko ta zama "yaushe take yi?", ba "yaushe za ka iso?" ba.

Abin da muka faɗa daidai, daga mastocin da suka ba mu lokacinsu ne, Allah ya saka musu da alheri. Inda muka yi kuskure namu ne, dattawa su gyara mana. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya, littafin gudummawa kuma ya daɗe a rufe.